Geron da Alƙali Ya Mayar

"Ɗauke shi, Rashida, wanga ba geronmu na ba," in ji Alƙali Jibrin, ya ture kofin kunun da bayan hannu.

Labbo, maƙwabcinsa mai awon hatsi a kasuwar Ƙauran Namoda, yana zaune bakin gado. Maganar ta sosa masa rai, don shi ya zaɓo geron da hannunsa.

"Haba Alƙali, ko dabino aka ba ka yanzu cewa za ka yi da ɗaci. Ciwo na ya ɓata maka baki."

"Bakina lahiya lau yake. Geron Badarawa nika so, na gonar babanmu."

Rashida, 'yarsa da ta baro gidan mijinta don jinya, ta ɗauki kofin ta fita tana share ido da gefen mayafi.

Kowa a unguwar ya san tarihin Alƙali. Ya daɗe a babbar kotun jiha, an sha ɗora shi kan ƙararrakin zaɓe, kuma ba a taɓa soke hukuncinsa a kotun gaba ba. Har yau lauyoyi in sun zo gaishe shi sai sun tayar da zancen. Abin da ba su sani ba, Labbo ya sani, don katanga ɗaya ce tsakaninsu.

Shekarun baya an kawo gabansa ƙarar zaɓen wani ɗan garinsu. Ana tsakar shari'a kaka ta yi. Yayansa Sanda, wanda ke noman gonar gado, ya aiko masa da rabonsa na gero kamar kowace shekara. To, Sanda yana cikin masu goyon bayan mutumin nan. Alƙali ya ji tsoron bakin mutane, ya sa aka mayar da buhunan a motar da ta kawo su. Daga baya ɗan garin nasu ne ma ya yi nasara, bisa gaskiyarsa. Amma ina ruwan Sanda da wannan? Ƙaninsa ya mayar masa da hatsin ubansu da rana tsaka, gari na kallo. Daga ranar bai ƙara aikowa ba, bai ƙara takowa ba. Shi kuma Alƙali, mutumin da ya saba a miƙe in ya shigo, bai iya lanƙwasa harshe ya ba da haƙuri ba. Taurin kai dai gado ne a gidan nan, kowa ya samu rabonsa cif.

"Labbo," in ji Alƙali, "gobe Alhamis, za ka kasuwar Shinkahi?"

"In Allah ya yarda."

"Ka ƙarasa Badarawa. Ka ce ma Yaya Sanda ina son ganinai."

Labbo bai taɓa jin ya roƙi kowa komai ba. Tausayinsa ya kama shi, har ya kasa yi masa tsiyar da ya saba.

Washegari a kasuwa ya bar buhunansa hannun abokin ciniki, ya hau babur zuwa Badarawa. Ya iske Sanda a zaure yana tufkar igiya, tsoho siriri, hancinsu ɗaya da Alƙali. Suka gaisa, Labbo ya isar da saƙo.

"Shi ad da kotu, ni ad da gona," in ji Sanda. "Mi zai yi da ni?"

"Malam Sanda, ko kunu ba ya sha. Geron gonarku yaka kira."

Hannun tsohon ya tsaya a kan igiyar.

"Wace gona? Mutanen daji sun hana mu taka ta, ta koma sabara. Tun bara na ji bai da lahiya. Kullum sai in ce bari hanya ta buɗe in noma, in tahi mai da abin da ya mayar. In je hannu rabbana, Labbo? Ni, babba?"

"Wallahi ba geron yaka so ba. Kai yaka so, bai san yadda zai hwaɗa ba."

"Tahi," in ji Sanda. "Gobe ina nan tahe."

Da Labbo ya kawo labari da yamma, Alƙali ya kira Rashida ya ce a juya masa gadon. Suka kama, ita da Labbo, suka mayar da fuskarsa wajen ƙofa. Ya sa ta ɗage labule, ya nemi hularsa ta Juma'a a ajiye masa kusa. Duk babur ɗin da ya wuce a layi sai ya ɗaga kai.

Da hantsin Juma'a Alƙali ya cika, Labbo na riƙe da hannunsa.

Aka nemi Sanda a waya, ba ta shiga ba. Aka jira har aka sauko daga masallaci. Zafi ya yi yawa, liman ya ce haƙƙin mamaci ne a gaggauta, aka yi masa salla aka kai shi. Lauyoyi da 'yan siyasa suka cika ƙofar gida, kowa na faɗin yadda bai taɓa karkata ba.

Bayan la'asar Sanda ya sauka daga babur. Tun safe aka tsare matafiya a hanya ana jiran rakiyar soja. Ya ga tabarmi shimfiɗe, ya ga taron, bai tambayi kowa ba. Labbo ya taso ya kama hannunsa.

"Ya san ina tahe?"

"Ya sani. Ƙofa yaka kallo har ya cika."

Sanda bai zauna karɓar gaisuwa ba. Ya ari buta, ya ce a kai shi maƙabarta. Labbo ya nuna masa kabarin, ya ja baya ya tsaya gindin wata bishiyar bedi. Tsohon ya durƙusa da ƙyar, ya yi addu'a, sannan ya yayyafa ruwan a kan sabuwar ƙasar. Ya shiga daddanna ta da tafin hannu daga kai zuwa ƙafa, a hankali, yadda manomi ke rufe iri.