Ƙofar Ƙwanson da Batul Ta Juya

Ni tela ne a Tudun Wada, kuma ban taɓa zaton gashin idona zai shiga jami'a kafin 'ya'yana ba. Amma wanda ya auri Batul ya daina mamaki.

Shekara da shekaru tana kwaso baƙin yumɓu daga bakin kwari a hanyar Pindiga, ta kai ɗakin gwaje-gwaje, ta narkar da shi, ta tace, ta shimfiɗa abin da ya rage a kan ɗan gilashi. Wai tun kafin a halicci mutum, teku ne ya rufe ƙasar nan. A cikin ruwan akwai wasu 'yan halittu da ido ba ya gani, masu yi wa kansu ƙwanso su kwanta a ciki, in lokaci ya yi su fasa ƙofa su fice. Ƙwansunan suna nan har yau a cikin yumɓu. Teku a Gombe! Mu da muke bin mai ruwa da jarka.

A cikinsu ta ga wani iri mai ƙayoyi masu rassa a baki, ta rubuta cewa ba a taɓa bayyana shi ba. Duk digirinta na uku a kan wannan maganar ya tsaya. Farfesa Ibrahim Khalil, baƙon da aka gayyato ya duba aikin, ya ce bai yarda ba. Akwai irinsa da aka daɗe da sani, mai ƙofa a ka. In nata ma a ka ƙofar take, to tsohon ne, aikin ya rushe. In a gefe take, sabo ne.

Duk waɗanda ta samo a farfashe suke. Ɗaya tak ne lafiyayye, shi kuma ya kife a kan fuskarsa, ya lanƙwashe kansa ƙasa. Sai an juya shi, kuma allura kan ragargaza shi. Gashin ido ake liƙawa a bakin tsinke a juya shi da shi.

"Abban Su'ad, matso," ta ce da ni da safe. "Nawa ya cika lanƙwasa."

Kafin in ce uffan ta tsige. Na ga taurari. Na ce to wallahi sai na bi abina na ga inda za a kai shi.

Da na isa ɗakin gwaje-gwajen, na same su ana jayayya. Debby, abokiyar aikinta, tana roƙonta.

"Batul, ki bari. Ki nemi ƙarin lokaci, ki sake tace wani yumɓun. In wannan ya fashe fa?"

"Na gaji da tacewa, Debby. Yau za a sani."

Farfesa ya naɗe hannu. "Malama Batul, ba na tilasta miki. Amma abin da ban gani ba, ba zan sa masa hannu ba."

Haushinsa ya kama ni, duk da na san gaskiya ya faɗa.

Ta ɗumama gilashin har maiƙon da ke riƙe da ƙwanson ya saki, ta zare murfin gilashin, ta yi bismilla, ta sa ido a na'urar ƙara girma. An haɗa na'urar da allon bango, don haka muka ga komai. Ƙwanson ya fito kamar ƙaramar gurjiya mai ƙaya, launin ruwan shayi. Sai ga wani gungume ya shigo daga gefe. Na tambayi Debby ko mene ne, ta ce gashina ne. Ban ji daɗi ba.

Batul ta taɓa ƙwanson da gashin, ya zame. Ta sake taɓawa, ƙaya ɗaya ta karye ta yi gefe. Debby ta dafe kai. Ni kuwa na tuna ranakun da matar nan ta dawo gida idonta ja wur, ta kasa cin abinci. Ita kam ko gezau ba ta yi ba. Ta zura gashin ƙarƙashin ƙwanson, ta ɗaga a hankali kamar mai juya masa a tanda. Ya tsaya a kan gefensa, ya yi jim, sannan ya faɗa ta baya.

Kansa a rufe yake ruf. A gefe kuwa ga ƙofa a buɗe, mai kusurwa biyar, gefunanta tsaf kamar an yanka da almakashi.

Farfesa ya tashi ya karɓi na'urar da kansa. Ya daɗe yana murɗawa sama da ƙasa, har na fara tunanin wani aibin yake nema. Da ya ɗago sai ya cire tabarau.

"Wannan ba ya cikin littafin kowa," ya ce. "Ke za ki raɗa masa suna. Duk wanda ya ambace shi a duniya bayan yau, sai ya haɗa da naki."

Debby ta rangaɗa guɗa a tsakiyar ɗakin gwaje-gwaje. Ni kabbara na yi, har masinja ya leƙo.

Batul ta ajiye tsinken. Ta juyo ta dube ni. Ni da ko sunanta ba na iya kira a gaban surukai, na kama hannunta na riƙe gam a gaban Farfesa da kowa, kuma ko kunya ban ji ba.