Mamacin da Ya Zo Karɓar Lambobinsa

Duk shekara, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, Clifford Ormerod yakan jera lambobi a ƙirjinsa hagu da dama. Na hagun nasa ne, na Koriya da Kenya da Saifurus, duk inda aka jefa bataliyarsu bayan babban yaƙi, wato yaƙin duniya na biyu. Na daman kuwa na amininsa ne, Desmond Tattersall, wanda aka baro a kan wani tudu a Koriya ranar da aka yi musu ƙawanya. Hukuma ta ce ya mutu. Da Clifford ya zo gida hutu, uwar Desmond ta damƙa masa lambobin da ɗanta ya samo a babban yaƙi. Ba ta ƙara shekara ba ta rasu.

Shekara talatin ke nan. A bana ma ana yayyafi, tsofaffin sojoji sun yi sahu a gaban dutsen da aka sassaƙa sunayen mamatan garin. An busa begila, an yi tsit, an watse. Clifford na gyara hularsa sai ya ji an ce daga bayansa, "Kai Mai Kunnuwa, wa ya ba ka aron kayana?"

Mutum ɗaya ne a duniya yake kiransa haka. Ya waiga. Wani tsoho ne mai sanda, rana ta ƙona masa fata, amma ga wushiryar da ya san shi da ita tana nan.

Clifford ya gane Desmond ne. Ba don matarsa Enid ta riƙe shi ba, da ya zube a cikin laka.

"Ka mutu," in ji shi. "Da idona na ga ka faɗi."

"Faɗuwa na yi, ban mutu ba. Kama ni suka yi."

"To, da aka sako ka fa?"

"Na zo. Na tarar an binne tsohuwa, gidanmu da baƙi a ciki, ku kuma an kwashe ku zuwa Kenya. Na ga sunana a jikin dutsen can, sai na ji ba zan iya ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba. Na hau jirgin ruwa sai Ostareliya."

Clifford ya kai hannu zai cire lambobin Desmond, allurar da aka maƙala su da ita ta soke shi bai ji ba. Enid ce ta ɓalle su ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗanmu na fari sunanka ya ci, Malam Desmond," ta ce. "Duk shekara sai mijina ya yi kukanka. Ko sannu ba ka aiko ba?"

Desmond ya sunkuyar da kai, murmushin da yake yi ya ɓace.

A gida Enid ta kawo shayi da gasasshen nama da dankali. Clifford bai taɓa ba. Ido kawai ya zuba wa baƙon, can sai ya miƙa hannu ya dafa kafaɗarsa, ya janye, jim kaɗan ya sake.

"Ci abincinka mana," in ji Enid. "Ba gudu zai yi ba."

Sai da aka kwana uku kafin fushin ya zo. Clifford ya zage Desmond tas, maƙwabta na ji ta bango. Da ya gama, suka sa rigunan sanyi suka tafi maƙabarta tare, Clifford ya nuna wa Desmond inda uwarsa take kwance.