Sifika Daidai Kunne

Sauti a miƙe yake tafiya kamar mutumin kirki, kuma duk sifikar da ba ta tsaya daidai kunnen mai saurare ba, ɓarnar wuta kawai take yi. Wannan shi ne ra'ayin Injiniya, wanda ya yi ritaya daga ma'aikatar ruwa, inda bai taɓa hulɗa da wani sauti ba sai kukan famfon da ya ƙafe.

Sifikokinsa biyu ne, kowacce ta kai rabin buhun siminti nauyi, a kan ƙafar ƙarfe da ake zugewa sama da ƙasa, mai huji-huji inda ake zura ƙusa ta riƙe. Matarsa ta zauna da su lafiya har ranar da likita ya hana shi nutsewa cikin kujera saboda ciwon baya. Injiniya ya jera filo biyu ya hau. Kunnensa ya ƙara yin sama, dole sifika ta bi shi.

Ya sa ta auna masa da tef daga tayil zuwa ramin kunnensa. Ya ja ƙafar har hujin ƙarshe, ba ta kai ba. Sai ya zare ƙusar gaba ɗaya, ya ƙara ja, ya murɗe noti.

"Malam, ƙusar fa?"

"Ƙusa ta masu jin rediyo ce. Noti ya isa."

Yashin da ke danne gindin ƙafar ma ya zazzage shi, wai yana shanye kaurin ganga. Ya janyo sifikokin nesa da bango, don sauti ya samu wurin numfashi. Suka tsaya tsakiyar falo, dogaye, manyan kai, siraran wuya, wayoyinsu na reto har ƙasa.

A makon ne 'yarsu ta koma aiki, ta fara kawo musu ɗanta da safe. Yaron ya kai lokacin da duk abin da ya kama sai ya miƙe da shi: labule, ƙafar tebur, zanin kakarsa.

"Mama, wannan abin ba rawa yake yi ba kuwa?" in ji 'yar, tana rataya jaka.

"Na gaya masa."

"Ki sake gaya masa mana."

"Ke ki gwada, ai ubanki ne. Ni aurena kawai ya yi."

'Yar ta yi dariya ta fita. Uwar ba ta yi ba.

Ta gwada dabarunta. Ta tare gaban sifikar da kujera, ya ce tana toshe sauti. Ta matsar da ita jikin bango yana wanka, ya fito ya mayar, don ya riga ya yi wa wurin alama a kan tayil. Rufe falo ba zai yiwu ba, ta nan ake bi zuwa kicin. Tana shara ta lura ta hagun ta fara karkata, kuma duk sanda ganga ta buga, notin yakan yi wata 'yar ƙara, ƙit, kamar haƙori a kan tsakuwa.

"Malam, yaron nan rarrafe yake."

"Wannan ɗan ƙwacen mata? Bar shi ya saba da sauti mai kyau tun yana ƙarami."

Bayan azahar Injiniya ya hau filonsa, ya kunna waƙa, ya ƙure murya, ya lumshe ido. Mai saurare na gaskiya ba ya buɗe ido, wannan ma yana cikin ilimin. Ita tana ƙasa da jikan a cinya, sai ta ji tukunya na tafasa tana zuba a kan wuta. Ta ajiye shi can nesa, bakin ƙofa, ta shiga kicin.

Da ta fito ba ya bakin ƙofa.

Yana gindin ta hagun, ya damƙi wayar da hannu biyu, yana jan jikinsa sama. Gwiwoyinsa na karkarwa, bakinsa buɗe don murna. Can samansa, babban baƙin kan ya sunkuyo yana kallonsa.

Ba ta yi ihu ba. In ya firgita, baya zai faɗi, da wayar a hannu. Ta ratsa falon. Notin ya saki tana isa, ta miƙa hannu, kusurwar akwatin sifikar ta sauka a wuyan hannunta. Ƙarar da ƙashin ya yi ta ɓace cikin ganga. Ta sa kafaɗa ta tallafe sauran nauyin.

Yaron ya saki wayar, ya kama zaninta, ya miƙe tsaye a ƙarƙashin akwatin yana ɓangala mata dariya.

"Yauwa!" in ji Injiniya, idonsa a rufe. "Kin ji yadda ta hagun ta buɗe? Abin da nake nema ke nan tun jiya. Kar wanda ya taɓa ta."

"Malam, zo ka ɗauki yaron nan."

"Shhh! Bari waƙar ta ƙare."

Yatsunta sun daina jin komai. Ta gyara tsayuwa a hankali don kada yaron ya zame, ta cije leɓe. Waƙar irin doguwar nan ce da yake so.