Na'urar da Ta Ƙi Murmushin Kaka

Mai Ɗinki da maigidanta, tsohon direban motar asibiti da kowa ke kira Baba Direba, sun katse ziyarar da suka kai wa babban ɗansu a ƙasar waje. Dalili kuwa 'yarsu Auta ce, wadda ta yi shekara da shekaru a gidan miji ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, yanzu ga shi haihuwa yau ko gobe. Sun sauka daga babban jirgi, saura na cikin gida ya kai su garinsu.

Suna cikin doguwar barandar masu canjin jirgi sai kiran surukinsu ya shigo.

"Mama, ta sauka lafiya. Mace ce. Ga kukanta nan, ki saurara."

Mai Ɗinki ta tsaya cak a tsakiyar hanya, masu jan akwati suna kauce mata. Wani ɗan siririn kuka ya shiga kunnenta ya sauka har cikin ƙirjinta. Ga dariya, ga hawaye, ta rasa wanda za ta fara. Da ƙyar Baba Direba ya ja ta zuwa layin bincike.

A can, kowane fasinja zai tsaya kan zanen sawu biyu, ya kalli kyamara, na'ura ta gwada fuskarsa da hoton fasfonsa. In ta yarda, koriyar fitila ta kama, ƙofar gilashi ta buɗe. Baba Direba ya ɗaure fuska ya wuce abinsa da jakunkunan hannu. Da aka zo kanta, sai ja.

"Mama, cire tabarau," in ji ma'aikaciyar wurin, wata doguwar budurwa. "Ki tsaya ƙyam, ki rufe baki kamar yadda kika yi a hoton."

Mai Ɗinki ta matse leɓe, kumatu suka kumbura, idanu suka shige ciki, dariya ta ƙwace. Ja.

"'Yar nan, ki yi haƙuri, jika na samu yanzun nan. Bakin ya ƙi rufuwa."

Na bayanta suka shiga yi mata barka, abin ya ƙara lalacewa. Ita kanta ma'aikaciyar sai da ta kau da kai tana gimtse tata dariyar. A daidai lokacin lasifika ta yi kiran ƙarshe ga fasinjojin jirginsu.

Baba Direba ya leƙo daga bayan gilashi yana sosa ƙeya.

"Maman yara, ina jakar kayan jaririn nan? Kamar a jirgin da muka sauka na bar ta."

Ta zaro ido. Rigunan da ta zauna ta ɗinka da hannunta, har da 'yan huluna da zannuwan goyo. Nan take fara'ar ta ɗauke, ta kafe shi da ido ta saman kyamarar, fuska ba annuri.

Koriyar fitila ta kama, ƙofa ta buɗe.

Ta fito kamar za ta tashi sama. "Kai yanzu, jaka ɗaya tak da na damƙa maka—"

Ya matsa gefe. Ga jakar nan a bayan ƙafafunsa.

Ta maka masa fasfo a kafaɗa. "Da girmanka kake ƙarya a gaban jama'a?"

"Ki yi faɗan a cikin jirgi," ya ce. "Ɗaga ƙafa."

Rabon Mai Ɗinki da gudu har ta manta, amma ranar ta yi shi, takalmi a hannu, mayafi na jan ƙasa, tana gaya wa duk wanda suka gifta cewa jika ta samu. Su ne na ƙarshen shiga.

Tana zama, tana haki, hoton jaririyar ya shigo wayarta. Ta mayar da tabarau, ta matso da shi dab da fuska, ta daɗe tana kallo kafin ta miƙa wa mijin.

"Duba ka gani. Duk kyawawan hancin da ke danginmu, naka ta je ta ɗauko."

Baba Direba ya ƙura wa hoton ido. Ya riƙe wayar da hannu biyu, ya ƙi sakinta, sai da ma'aikaciyar jirgi ta zo ta roƙe shi ya kashe.