Ranar da Aisami Ya Cinna wa Kacalla Wuta

Shekarar da fara ta cinye geron ƙasar Gure, tafki ne ya riƙe mutanen wani kwari da ke kusa da Gidigir. Mata na tonon bado, maza na kamun tarwaɗa a gindin kacalla, doguwar ciyawar da ta kewaye ruwan. Ita da gorubar bayanta ne suka tare tudun rairayi, bai gangaro cikin ruwan ba.

Yabawa, mai saƙar asabari, ta san haka. Shi ya sa ta tare ƙanenta Aisami da ta ji yana shirin ƙone kacallar gefen gabas ya shuka alkama.

"Yaya, ƴaƴana sun gaji da bado," in ji shi. "Ɗan wuri kaɗan zan share."

"A nan kifi ke yin ƙwai. In ka ƙone ta, me za mu ci kafin alkamarka ta nuna?"

Ya juya ya tafi.

Washegari da hantsi tana cikin ruwa har ƙugu, ita da maƙwabciyarta Zaliha, sai ta ji ƙauri. Ta ɗaga kai, ga hayaƙi ya turnuƙe gabas. Iska ta juya, wutar ta bar inda Aisami ya so, ta bi bakin tafki tana ƙara.

"Mu gudu!" in ji Zaliha.

"Je ki kira mutane, su zo da lauje!" in ji Yabawa.

Ta kutsa gaban wutar, inda kacallar ta yi siriri, ta zaro laujenta, ta hau yanka tana jefawa cikin ruwa. Hayaƙi ya cika mata ido. Tartsatsi ya faɗa kan zanenta, ta tsoma kanta a ruwa, ta miƙe ta ci gaba. Can ta ji wani na yanka kusa da ita. Aisami ne, gashin girarsa ya babbake. Ba ta dube shi sau biyu ba.

Kafin mutane su iso sun buɗe rata mai taku goma. Wutar ta zo bakinta, ta lashi tabo, ta mutu.

Kashi ɗaya cikin uku na kacallar ya ƙone, da goruba bakwai. Aisami bai shuka alkamar ba. Kafin damina rairayi ya rufe wurin. Da ruwa ya sauka, shi ya ɗauki kwando yana bin yayarsa, suna dasa saiwar kacalla a inda ke da sauran laima.