Goro a Kunci

"Tofar da abin da ke bakinka," in ji Dokta Marcel.

Shu'aibu na kwance, an manna masa wayoyi a kai, alluran na'ura suna ta kartar takarda kamar kaji a juji.

"Ba komai a bakina, Dokta."

"Muƙamuƙinka na motsi, na'ura na gani. Tofar."

Ya tofar da goron a tafin hannunsa. Tun safe yake ɓoye da shi a kunci, don direbobin tasha sun ce na'urar barci take kamawa, wanda ta kama kuwa ya yi sallama da sitiyari.

Alhaji Youssouf, mai motar da Shu'aibu yake ja tsakanin Garwa da Pitowa, shi ya turo shi. Makon jiya Shu'aibu ya farga ya ga kansa tsakiyar gonar auduga, fasinja na salati, shi kuwa bai san yadda ya bar kwalta ba. Aka yi masa hayaƙi, ya sha rubutu. Alhaji ya ce duk da haka sai ya ga likitan nan da ya zo daga Yawunde yana binciken ƙwaƙwalwar direbobi.

Da bakin ya tsaya, alluran suka lafa. Can suka fara zana wasu tuddai masu faɗi, a hankali.

Dokta ya nuna da biro. "Ka ga wannan? Teta muke ce mata. Kowa na da ita, lokacin gyangyaɗi take yawaita. Kai idonka biyu take rufe ka. Yanzun nan na kira sunanka, ka ji?"

"Ba ka kira ni ba."

"Na kira."

Shu'aibu ya dubi goron da ke tafin hannunsa.

"Kar ka ƙara tuƙi sai mun gano dalili. Goro ba zai tare ta ba."

"Iyalina fa, takardar nan za su ci?"

Dokta ya shiga cire wayoyin.

A tasha Alhaji ya tare shi. "Me Dokta ya ce?"

"Ya ce in rage goro."

Alhaji ya yi dariya, ya miƙa masa makulli. Mota ta riga ta cika. A kujerar gaba sai Shu'aibu ya ga 'yarsa Hindu, jaririnta a cinya, za ta koma gidan mijinta a Pitowa.

"Baba, na kama maka gaba, mu sha hira."

Ya daɗe yana kallon jaririn.

"Sauka. Ki bi motar Dawuda."

"Haba Baba, wannan akwalar?"

"Na ce sauka!"

Ta sauka tana ƙunƙuni. Wata tsohuwa mai ƙullin kuɓewa ta yi wuf ta haye kujerar, tana sa masa albarka.

Shu'aibu ya ɓare sabon goro, ya cusa a kunci, ya tada mota.