Masu Karatu a Ɗakin Wankin Ƙoda

Auta nas ce a ɗakin wankin ƙoda. Ta daɗe tana rubuta wani labari a kan uba da ɗansa da suka yi shekaru ba sa ga maciji. Da ta tura wa ƙawayenta ta waya, abin da ya dawo bai wuce "Masha Allah" da hoton fure ba. Yayarta ma cewa ta yi ya yi daɗi, amma da Auta ta tambaye ta yadda ya ƙare, sai ta hau tari.

Wata safiya tana jona wa wani dattijo mai sayar da taya bututun jini, ya hango takardun a aljihun rigarta.

"'Yata, in abin karantawa ne ba ni. Na gaji da kallon silin."

Wata tsohuwa da ake kira Goggo, wadda ke gadon kusa da shi, ta miƙa hannunta da babu allura. "Ni ma a san mini."

Kafin Auta ta yi tunani, har ta raba musu kwafi biyu. 

Aiki ya gagare ta. Ta zo auna wani mara lafiya, ta manta adadin, ta sake. Idonta na kan fuskokin nan biyu. Mai Taya ya yi hamma. Goggo ta yamutsa fuska, ta lumshe ido. Auta ta ruga a guje ta duba injin, tana zaton jinin Goggo ne ya sauka.

"Lafiyata ƙalau," in ji Goggo. "Labarinki ne."

Auta ta ji gara ma a ce jinin ne, wannan ta san maganinsa.

Da aka kusa cire su daga injin, Mai Taya ya ce, "Kin yi ƙoƙari."

Auta ta ji zuciyarta ta karye, ga wani furen kuma. Ta daure ta ce, "Baba, don Allah ba yabo nake nema ba. A ina hankalinka ya bar takardar?"

Ya sosa gemu. "To, tunda ke kika tambaya. Farkon nan da kike ta kwatanta gida da ƙofa da kujeru, tsallake shi na yi. Sai da yaron ya ɗaga waya bai yi magana ba na farka."

"Ni ƙarshen ne ya ɓata mini rai," in ji Goggo. "Mutum ya yi shekaru yana gaba da ɗansa, rana ɗaya ya fashe da kuka yana neman gafara? Wa kike yi wa wayo?"

"Ai ana yi, Hajiya," in ji Mai Taya.

"Kai ka taɓa yi?"

Mai Taya ya mai da idonsa kan injin.

A motar komawa gida Auta ta yi ta juya maganar. Farkon nan shi ta fi so, shi ta fi shan wahala a kansa. Da ta zauna gyara, ta goge shi. Neman gafarar kuwa ta kasa cirewa. Kukan kawai ta cire, ta sa uban ya zo ya tsaya a bakin shagon ɗan, ya yi ta zancen tsadar kaya, sai da zai tafi ya faɗi abin da ya kawo shi, bayansa a juye.

Ranar da suka dawo wanki ta ba su sabon, ta gudu ɗakin ajiyar magani tana jera abin da yake a jere. Da ta fito, Mai Taya bai ko ɗago daga karatun ba. Goggo ta riga ta kife takardun a ƙirjinta, fuska a murtuke.

Auta ta matsa kusa da ita. "Goggo, bai gyaru ba ko?"

"Har yanzu raina a ɓace yake," in ji Goggo. "Amma yau haushin uban nake ji, ba naki ba. Zo ki gyara mini matashin nan."